Ashoke Mai Warin Kafur

Jama'a, duk wadda ta san za ta yi mini dariya ta yi abarta tun yanzu ta gama, don ni ma na yi wa kaina har na gaji. Sunana Motunrayo, shekarata ashirin da takwas, kuma aikina a garin Legas shi ne zaɓa wa mata kayan da za su sa. A wani kantin kayan gayu nake a Lekki. Mace za ta shigo da mukullin mota a yatsa tana yatsina, in dube ta sau ɗaya in ce, "Madam, wannan koren ba naki ba ne," ta ajiye shi ba musu. Ku riƙe wannan a ranku, don ni ɗin nan da ake cewa ina da ido, ni ce aka miƙo wa ƙyalle ɗaya tak a jaka na kasa gane shi.

Shekararmu uku da Gbolahan. A wani wurin shaƙatawa na saman bene muka haɗu a Victoria Island, ranar wata Juma'a, ya taka mini gefen riga ya tsaya yana ba ni haƙuri har waƙa biyu suka wuce. Injiniyan jiragen ruwa ne a Apapa. Ba ya ƙarya, ba ya ɗaga murya, in ya ce ƙarfe bakwai to bakwai ɗin ce duk cunkoson gada. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba, son da har haushin kaina nake ji. Aibinsa ɗaya ne: mutumin nan ba ya gaggawar komai a duniya, har da ni.

Maami kuwa, mahaifiyata, tsohuwar shugabar makaranta ce, a Surulere muke zaune ni da ita. Ita gaggawa ce da kanta.

"Shekara uku!" Haka take tare ni tun ban cire takalmi ba. "Tela ma ya riƙe miki ɗinki shekara uku ai 'yan sanda za ki kai shi. Danginsa sun zo? Sun aiko? Ko goro ɗaya na gani?"

"Maami, ya ce sai an gama bikin mamansa."

"Ya ce, ya ce. Ga Sikiru nan bawan Allah, kantin magani uku a Ikorodu, duk Lahadi yana zaune a falona da kan ayaba kamar mai jiran likita, ke kina ɗaki kina danna waya."

Buroda Sikiru ba shi da laifi, wallahi. Hirarsa ce dai ba ta wuce hawan jini da ciwon suga.

To, bikin da Gbolahan yake faɗa, na cikar mahaifiyarsa shekara saba'in ne. Bari in gaya muku wace ce Alhaja Wosilat, don in ba ku san ta ba ba za ku gane abin da ya sa nake shakkarta ba. Shekara arba'in ta yi tana sayar da leshi a kasuwar Balogun. Tun lokacin da maza ke tsoron jirgin sama take zuwa ƙasashen Turawa ita kaɗai, ba ta jin yarensu, ta zauna da masu masaƙa ta zana musu furen da take so a bayan ambulan. Da yatsa biyu take taɓa yadi ta gaya maka inda aka saƙa shi. Ban taɓa ganin ta yi sauri ba, ban taɓa jin ta maimaita magana ba. In ta shigo wuri, matan da ke ji da kansu sai ka ga kowacce ta kai hannu tana gyara ɗaurinta. Ni tun ina yarinya irin macen da nake so in zama ke nan, tun kafin in san tana da ɗa.

Sau huɗu Gbolahan ya kai ni gaishe ta. Duk zuwa in zube gwiwa biyu a ƙasa, ta dafa kaina ta ce, "Sannu 'yata, kin ci abinci?" Shi ke nan. Ba yabo, ba suka. Ban san a wane layi ta ajiye ni ba.

Anko ne zai faɗa. An fitar da leshi shuɗi mai duhu na kowa da kowa, amma ashoken ɗaurin kai kala biyu ne: ruwan zinare na dangi, ruwan azurfa na ƙawaye da abokan arziki. Duk Legas an san wannan karatun. Ba sai an yi maka jawabi ba, kanka ne zai gaya wa jama'a matsayinka tun daga bakin ƙofa. Maami na jin labari ta ajiye cokali.

"Madalla, an zo wurin. In zinare suka aiko miki, na kama bakina. In azurfa ce, ranar Lahadi za ki yi wanka ki fito falo ki saurari Sikiru da kunne biyu. Kin yarda?"

Ni da bakina na ce na yarda.

Ranar Laraba Anti Latifat, babbar yayar Gbolahan, ta tsaya da mota a ƙofar kantinmu. Ko sauka ba ta yi ba, ta zuge gilashi ta miƙo jaka.

"In ji Mama."

"Na gode, Anti. Allah ya ƙara girma."

Ta dube ni wani iri, kamar za ta ƙara magana, sai ta fasa ta ja motarta. Na ruga ɗakin gwada kaya na ja labule. Ga leshi nan, yadi biyar, mai nauyi, duwatsunsa na ƙyalli. Na ɗaga shi ina addu'a. Abin da ke ƙasa ba zinare ba ne, ba kuma azurfa ba. Wani tsohon ashoke ne saƙar hannu, kalarsa ƙasa-ƙasa kamar kunun da ya huce, da farin layi siriri a tsakiya, gefe ɗaya har da ɗan faci da aka yi da allura. Warin kafur ya bugi hancina sai da na yi atishawa.

Na zauna daɓas a kan kujerar gwaji. Na rubuta wa Gbolahan: "Ka san abin da Mama ta aiko mini?"

"Anko mana. Ya yi kyau?"

"Ashoken fa? Ba kalar kowa ba ne. Tsoho ne."

"Ni ina na san harkar ɗaurin mata, Tunrayo? Ki ɗaura abin da aka ba ki. Kin ci abinci?"

Shi da uwarsa, tambayarsu ɗaya! Na kife wayar na yi kukana a hankali don kada madam mai kantin ta ji. Da na koma gida na nuna wa Maami leshin kawai, na ce ashoke sai mako mai zuwa. Tsohon kuwa na cusa shi can ƙasan akwatina.

Ranar Juma'a da yamma Bisoye ta zo ta janye ni. Bisoye ƙawata ce tun jami'a, mai yi wa amare kwalliya, bakinta ba ya da birki. Muka hau wancan saman benen namu. Ku bari kawai, Legas in ta yi wanka ba ta da ta biyu. Fitilun gadar Ikoyi sun kwanta a kan ruwa, mai jita yana ta abinsa a kusurwa, 'yan mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya kowacce kamar ita ce amarya, wata da ɗinkin atamfa da aka yi masa hannu ɗaya, wata da takalmin da ni ko tsayuwa ba zan iya da shi ba, tana taku kamar a tsakar ɗakinta. Waɗannan fa da asuba suka tashi, suka sha cunkoso, suka yi aiki wuni guda, amma dubi yadda suka fito. Ko ina cikin baƙin ciki sai na yaba. Aka kawo mana gasasshen kifi da soyayyar ayaba da naman akuya mai yajin da ke sa kunne ƙara. Na nuna wa Bisoye hoton abin a waya.

Ta zaro ido. "Taɓ! Wannan ai abin goge mota ne."

"Bisoye, don Allah."

"A'a, tsaya in fassara miki. Ba ki cikin dangi, ba ki cikin ƙawaye. Tsohuwar nan ce ta ce ki nemi layinki. Ke kuma sai ki naɗe hannu ki tafi Ikorodu ƙirga ƙwayar magani?"

"To ya zan yi?"

"Gobe Asabar. Balogun ta ƙone ne? Anti Latifat ta saka hoton ashokenta na zinare a waya, na gani. Mu je mu samo irinsa sak, ki ɗaura, ki shiga ki zauna a teburin dangi. Mutum ɗari biyar, wa zai tsaya ƙirga kawuna? In an ga hotonki a cikinsu, magana ta ƙare."

Na san ba daidai ba ne. Amma ina tuna Buroda Sikiru da kan ayabarsa sai na ji shawarar ta yi mini daɗi.

Washegari muka kutsa Balogun. Duk zuwana kasuwar nan sai ta burge ni. Lungu cikin lungu, leshi a rataye tun daga ƙasa har hawa na uku, mata masu dako da kaya a ka suna ratsa mutane ba sa taɓa kowa, ana jan hannunka ta ko'ina: "'Yar kyakkyawa, zo ki gani, ba sai kin saya ba!" Da gangan muka kauce wa layin da shagon su Alhaja yake, muka zagaya can ƙurya wajen masu ashoke. Shago na shida muka dace, wurin wata dattijuwa mai tabarau da ake kira Iya Risi. Ta kalli hoton, ta kalle ni ta saman tabarau, ta jawo ɗaya daga ƙasan tari. Shi ne sak, har zaren da ke gefe.

"Bikin wane gida ne, 'yata?"

"Na wata ƙawata ne, Mama, a Ibadan."

"Ibadan," ta ce, tana ninkewa a hankali. "To Allah ya kai mu."

Muka fito Bisoye na tafa mini.

Ranar biki ta zo. Bisoye ta yi mini kwalliya a ɗakina, ta ɗaura mini zinaren nan hawa-hawa har yana neman taɓa fanka. Duk 'yar Legas ta san ba a zuwa biki da dogon takalmi kaɗai, sai da silifa a jaka don lokacin da ƙafa za ta ce ta gaji. Na ɗauko nawa, na duba ban ga leda ba, ga cikin jakata fari tas. Na buɗe akwati, hannuna ya faɗa kan tsohon ashoken nan. Da ma ina tsoron Maami ta gan shi in ta shigo gyara. Sai kawai na naɗe silifan a ciki na tura cikin jaka. E, na sani. Ku yi ta faɗa, na cancanta.

Da na fito falo Maami ta ga kaina, sai ta miƙe tsaye ta fara rawa da carbi a hannu. "Zinare! Allah na gode maka! 'Yata ta shiga gidan mutunci!" Ta rungume ni tana ƙwalla. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba, amma haka na ɗauki jakata na fice.

A Ikeja aka yi, bayan azahar. Tun daga bakin ƙofa masu kalangu suka tare mu. Ciki kuwa shuɗi ne ko'ina, sama da shi kawuna suna walƙiya, azurfa ta cika baya da tsakiya, zinare 'yan tebura shida a gaba. Ana ta zagayawa da amala mai tururi da dafa-duka da farfesun kifi. Na ɗaga kai na wuce gaba na zauna cikin zinare. Wata gwaggon Gbolahan ta dube ni, ta dubi ta kusa da ita, ba wadda ta tanka.

Sai ga Alhaja. Ba ta yi anko da kowa ba, farin leshi ta sa, ba tarkacen gwal, murjani kawai a wuya. Makaɗa suka rage sauti don kansu. Tana tafe a hankali, 'ya'yanta mata uku a bayanta, Gbolahan na riƙe da hannunta, tana ɗan karkaɗa kafaɗa daidai da kiɗa. Shekara saba'in, amma wallahi duk 'yan matan wurin ta shafe mu. Na manta da tsorona ina ta tafi kamar wawuya. Da ta zo daidai teburinmu ta dube ni. Ba fuskata ta kalla ba, kaina ta kalla, na ɗan lokaci kaɗan, ta wuce.

Ko rabin awa ba a yi ba Anti Latifat ta dafa kafaɗata. "Mama na kira. Taho da jakarki."

Wani ɗan ɗaki ne a bayan zauren, inda Alhaja za ta canza kaya na biyu. Tana zaune gaban madubi an cire mata takalmi. Na zube a ƙasa.

"Motunrayo," ta ce. Ranar ce farkon jin sunana a bakinta. "Ɗaurin nan ya yi kyau. Wa ya ba ki?"

Na fara laluben ƙaryar da zan yi.

"Kada ki wahalar da kanki. Risi ta kira ni tun ba ki hau gada ba. Ni na koya mata ninke yadi tana 'yar shekara sha biyar. Kalar nan ni na sa aka rina ta, duk Balogun an san ta gidana ce. Ibadan!" Ta girgiza kai. "Ina wanda na aiko miki?"

"Yana… yana nan, Mama."

"Miƙo."

Na so ƙasa ta tsage. Na zuge jaka na jawo ƙunshin, ina ƙoƙarin zare abin da ke ciki a ɓoye, hannuna ya kuɓuce. Silifa biyu suka faɗo tsakiyar ɗakin, ɗaya a kife. Anti Latifat ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Silifa a cikin ashoken Iya Agba?"

Ɗakin ya yi tsit, kiɗan waje kawai ake ji. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon silifana, na riga na ga kaina a Ikorodu. Sai na ji wani sauti. Na ɗago. Alhaja ce take dariya, dariya sosai, har tana riƙe gefen tebur, Anti Latifat na cewa, "Mama, kwalliyarki, kwalliyarki!"

Da ta lafa ta karɓi ashoken ta kakkaɓe shi, ta shimfiɗa a cinyarta tana shafawa.

"Wannan Iya Agba ce, kakar mijina, ta saƙa shi da hannunta. Da shi uwar mijina ta shiga gidan, ita ta ba ni. Ranar da ta aiko mini, ina 'yar gayu irinki, ina sayar da kayan Turawa, na yi kuka na ce matar nan ta raina ni. Kin san abin da na yi da shi? Tiren barkono na rufe da shi a rana. Kin ga facin nan? Akuya ce ta ja." Ta sake yin 'yar dariya, sannan fuskarta ta koma daidai. "Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni. Shekara talatin da huɗu abin nan yana cikin akwati yana jiran kai. Zinare ai ko maƙwabciyata na ba ta. Wannan mutum ɗaya ake ba."

Kuka ya ƙwace mini. "Mama, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Rashin sani ba komai, ni ma ban sani ba. Abin da ban so ba, da kika ga abin da ba ki gane ba, kika tafi kasuwa maimakon ki zo wurina. A gidana ba a haka. In abu ya dame ki, ƙafarki ki kawo ki tambaye ni, ko zagina za ki yi. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

"Matso. Latifat, cire mata wannan hasumiyar."

Anti Latifat ta zare allurai ta sauke zinaren. Alhaja ta sa na juya mata baya a durƙushe, ta ɗora tsohon ashoken a goshina ta ja. Wayyo, hannun tsohuwar nan! Sai da na ji kunnuwana sun toshe. Ba allura ko ɗaya, ninki uku ta yi ta soke. Na kalli madubi. Kalar da na raina ta kwanta a kan shuɗin leshin nan kamar don shi aka saƙa ta, fuskata ta fito fes. Ni mai ido, sai ranar na ga abin da ake kira ido.

"Share hawayen, kada ki ɓata mini hoto. Kuma kada ki kwance shi sai kin tsaya gaban mahaifiyarki. Ɗauki silifanki, amaryata, za ki buƙace su."

Ta riƙo hannuna muka fito tare. Matasa ba su gane komai ba. Amma teburin tsofaffi, ina gaya muku, suna hango kaina suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggon nan da ta ƙi tanka mini ta taho da rawa tana kiran "Amaryarmu! Amaryarmu!" Masu kalangu suka zagaye ni. Gbolahan ya kutso yana tambaya, "Ina mai ƙyallin da kika zo da shi? Ai ya fi…" Anti Latifat ta kai masa duka a ƙeya da mafici, ta raɗa masa magana a kunne. Na ga bakinsa ya buɗe. Mutumin da ba ya gaggawa, sai ga shi ya zube ƙasa warwas a gaban uwarsa da babbar rigarsa da komai.

Bayan isha'i na isa gida, silifa a ƙafa, kaina na sara saboda ɗauri. Maami na zaune a falo tana jira a ba ta labari. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Maami, na yi miki ƙarya. Zinaren nan ni na saya a kasuwa. Wannan suka aiko mini, na ɓoye miki don na ɗauka wulaƙanci ne."

Ta sa tabarau, ta taso, ta kama gefen ashoken da yatsa biyu ta murza, ta kai hanci ta shinshina.

"Wa ya ɗaura miki?"

"Ita. Da hannunta."

Maami ta koma ta zauna a hankali. Ta dube ni ta ce, "Kwana goma abin nan yana cikin gidana, ina kwana ina tashi da ciwon kai, ke kina can kina bin shawarar Bisoye. Ƙaryar da kika yi mini kuwa ba ta wuce ba, za mu zauna a kanta." Ta share ido da gefen zani. "Miƙo mini wayata."

"Wa za ki kira yanzu?"

"Uwar Sikiru. Gobe Lahadi, kada bawan Allah ya wahala ya sayo ayaba."